Kunyar 'Yar Fari

Kwana shida ke nan Zubaidatu tana kai wa mijinta abinci tana kwashe shi kusan yadda ta kai. Safiyar Asabar ɗin nan ma ba ta sauya zani ba. Ta soya doya da ƙwai, ta dafa shayi da kanumfari yadda yake so, ta jera masa a falo. Dakta Abdulrahim ya kurɓi shayin sau biyu, ya ce, "An gode," ya mayar da ido kan takardun ɗalibansa. Shekara goma sha ɗaya suna tare a gidan nan na Samaru, mutumin da in ta yi girki har kicin yake bin ta yana zuba santi, yau shi ne da "an gode" kamar ta kawo masa saƙon ofis. Ta san ba doyar ce ta yi laifi ba.

Naila, 'yarta ta fari, tana da shekara shida Dakta ya auri uwarta, bayan mahaifinta Hamza ya rasu a haɗarin mota. Shi ya riƙe ta, shi ya koya mata karatu, Abba take ce masa. Bana ta gama sakandare da sakamakon da ya sa kowa ya ce yarinyar nan a fitar da ita waje. A nan aka rabu biyu. Yayan marigayi, Alhaji Umar Farouk, babban ɗan kasuwa a Sabon Gari, ya ce a sayar da shagon da Hamza ya bari a kai ta wata makarantar kuɗi a Abuja, ta yi diflomar ƙasa da ƙasa ta shekara biyu. Dakta kuma ya ce a tura ta kwalejin al'umma a Amurka, daga can ta wuce jami'a.

Ita kuwa Zubaidatu tarbiyyar tsofaffin cikin birnin Zariya ce. Tun da ta haifi Naila ba ta taɓa kama sunanta ba, sai dai "ke" ko "yarinyar nan". Naila ma Anti take ce mata. In ana maganar yarinyar a gaban manya, sunkuyar da kai take yi kamar zancen 'yar maƙwabta ake. Kunyar 'yar fari ke nan, kuma dangi sun daɗe suna yabon ta a kai, har ita ma yabon ya shiga kanta.

Ranar Lahadin da ta wuce aka zauna a gidan su marigayi da ke Jushi, a ɗakin Hajiya, kakar Naila.

"Dakta, mu 'yan kasuwa ne," in ji Alhaji. "Mun san abu mai kyau da kuɗinsa yake tafe. Makarantan nan 'ya'yan manya ne a ciki."

"Yaya Alhaji, ban kushe diflomar ba. Karatu ne mai nauyi, jami'o'in waje suna girmama ta. Amma shekara biyu ce kafin a taka ƙofar jami'a. In shagon ya tafi a kanta, da me za a shiga jami'ar? Tallafin karatu ba wanda zai rantse za ta samu. Kwalejin kuwa shekara biyunta ana lissafa su cikin digiri, tana gamawa sai aji uku na jami'a. Ni ta nan na bi. Ga ƙanwata Ummi da mijinta a garin da kwalejin take, a wurinta za ta zauna."

"Yarinya mace, shekara sha bakwai, a tsallaka teku da ita? In an hana ta biza fa?"

"Ana iya hana ta, gaskiyarka. Sai ta shiga jami'ar da ke bayan gidanmu, ba a yi asarar komai ba."

Alhaji ya yi wata dariya marar daɗi. "Ba a yi asaran haya ba dai. Shekara sha ɗaya hayan shagon nan gidanka yake shiga. In an sayar, ruwa ya ƙare wa ɗan kada. Da 'yar cikinka ne, da ba ka nemo mata na araha ba. Agola dai agola ne."

Dakta ya juya ya dubi matarsa. Ita ce ta san ko sisin hayar bai taɓa ba, ita take ajiyewa da sunan yarinyar, shi kuma daga albashinsa yake biya mata makaranta. Kalma ɗaya ta isa. Amma maganar 'yar fari ake a gaban surukai, sai Zubaidatu ta zuba wa dardumar Hajiya ido har aka tashi.

To yau da ta ga doyar tana hucewa, ta kasa daurewa. Ta durƙusa kusa da kujerarsa.

"Malam, don Allah ka ci ko kaɗan ne. In maganar Yaya Alhaji ce, ka san halinsa—"

"Ba maganar Alhaji ce ta ƙona ni ba, Zubaida." Ya ajiye biron. "Shi zato ya yi. Ke kuwa kin sani. A gabanki aka kira ni maciyin dukiyar marainiya, na dube ki, kika dubi ƙasa."

"Ka san al'ada, Malam. Yaya zan buɗe baki a kan yarinyar nan a gaban Hajiya?"

"Ba a kan yarinya na so ki buɗe shi ba, a kan mijinki ne. Kowa a ɗakin nan ya tashi da cewa ko matarsa ba ta musa ba." Muryarsa ba ta ɗaga ba, abin da ya fi tsorata ta ke nan. "Gobe sun ce ki je ki sa hannu a sayar da shagon. Zan kai ku, amma na cire hannuna. Akwai koyarwar shekara guda da aka daɗe ana kira na a Maiduguri, Litinin zan ba su amsa."

"Da mu za ka tafi?"

"Ni kaɗai. Ina bukatar in zauna inda ba a yi mini kallon ɓarawo."

Ya tattara takardunsa ya fita. Zubaidatu ta kwashi kwanuka zuwa kicin. Tana son mutumin nan, so irin wanda ba ta taɓa zaton za ta sake yi ba bayan Hamza, kuma ta san wanda ya tafi da irin wannan ciwon a zuci, ko ya dawo ba shi ne zai dawo ba.

Naila ta same ta a gaban famfo, idanunta jajur.

"Anti, na ji komai fa. Wallahi abin nan ba fiya ba ne, ba a yi adalci ba. Abba ne fa! Kuma ni duk wannan mitin ɗin da ake yi a kaina, ba wanda ya ce Naila me kike so. Na yi ta bincike a intanet, har imel na tura wa kwalejin. Kwas ɗin nas nake so, suna da shi."

"Ke, fita mini a kicin."

Yarinyar ta fita tana kuka, uwar ma ta kifa kai a jikin bango ta yi nata. Don akwai abin da ba ta gaya wa kowa ba. Ba kunya kaɗai ce ta rufe mata baki ba. A can ƙasan ranta makarantar Abujar take so, ba don 'ya'yan manya ba, sai don Abuja tafiyar yini ɗaya ce a je a dawo. Tana iya daka dambun nama ta kai mata ranar ziyara, ta gan ta, ko da daga nesa ne. Amurka kuwa fa? Shekara goma sha bakwai tana ɓoye son yarinyar nan, yanzu da wane baki za ta ce ba za ta iya rabuwa da ita ba? Da Alhaji ya kawo tasa hanyar sai ta ji sanyi, ta bar shi ya yi mata yaƙin, ba ta lura da wanda mashin ya soka ba.

Washegari bayan azahar suka isa Jushi. Dakta ya tsayar da mota a ƙofar gida ya ce zai jira a cikin motar. A ɗakin Hajiya takardar ciniki tana kan ƙaramin tebur, mai sayen shagon yana jira a zaure. Alhaji ya miƙo biro.

"Bismillah, Zubaidatu. Sa hannu a nan a gama."

Ta karɓi biron. Ta dubi layin da aka nuna mata, sai ta ga kamar takardar sakinta ce za ta sa wa hannu da kanta. Ta ajiye shi.

"Yaya Alhaji, a yi mini haƙuri, a kira Malam tukuna."

Alhaji ya ɓata rai, amma Hajiya ta ce a kira shi. Dakta ya shigo ya gaida tsohuwa, ya zauna daga bakin ƙofa. Zubaidatu ta ɗago kai ta dubi Hajiya.

"Ran nan an yi wa mijina ƙazafi a ɗakin nan, na yi shiru. Na rantse da Allah bai taɓa cin hayar shagon nan ba, tana nan a ajiye. Shi ya ciyar da Naila, shi ya tufatar da ita, shi ya biya mata makaranta tun daga aji ɗaya."

Hajiya ta riƙe baki. "Zubaidatu, yau ke ce da sunan 'yar fari?"

"Ku yafe ni, Hajiya. Kunyar nan tana neman kashe mini aure." Hawaye suka zubo mata, ba ta share ba. "Kuma tunda na fara, bari in ƙarasa. Ni ma Abujar na so, don ba na son ta yi mini nisa. Son kaina ne, ba laifin Malam ba. Ga yarinyar nan zaune, ita za ta yi karatun. A tambaye ta."

Kowa ya juya ga Naila, wadda ta zuba wa uwarta ido kamar yau ta fara ganin ta.

"Baba Alhaji," ta ce a hankali, "na san don ni kake yi. Amma diflomar darasi shida ce da dogon rubutu, in na gama ma sai an sake neman kuɗin jami'a. Ba na so a sayar da shagon Babana a kan abin da ba shi ne ƙarshe ba. Kwalejin nake so. In ba a ba ni biza ba, na yarda in yi karatuna a Samaru."

Alhaji ya daɗe yana juya hularsa a hannu. Sannan ya ce, "Hamza aji uku ya bar makaranta ya bi ni kasuwa, ni na cire shi. So na yi a ce 'yarsa ta zauna inda 'ya'yan manya suke zama."

"To ka nemi gafarar bawan Allahn nan, Umaru," in ji Hajiya. "Riƙon ɗan wani ba wasa ba ne."

Ba abu ne mai sauƙi ga Alhaji ba, amma ya miƙa hannu. "Dakta, zato zunubi. Ka yafe ni." Dakta ya karɓa da hannu biyu. Aka aika zaure aka ba mai saye haƙuri.

Suka kama hanyar komawa har suka wuce Kwangila. Sannan Dakta ya ce, idonsa a kan titi, "Da kin gaya mini tsoronki tun farko, Zubaida, da tare muka ɗauke shi. Kina tsammani ni ba na jin tafiyarta?"

"Maidugurin fa?" ta tambaya.

"Su nemi wani malamin."

Bayan wata huɗu bizar ta fito. Ranar da jirgin ya tashi, Zubaidatu ta yi kuka tun daga Abuja har Kaduna, kuma wannan karon ba ta ɓoye ba. Abin da ta ji tsoro ya faru, 'yarta ta yi mata nisa. Amma hannun mijinta yana cikin nata, kuma kowace Juma'a Naila tana kira ta ba su labarin aji da sanyin garin, uwa da 'ya suna hira irin wadda ba su taɓa yi ba suna gida ɗaya.

Wace hanya ce ta fi, difloma ko kwaleji? Kowane gida da aljihunsa da irin ɗansa, kuma a riƙa tambayar mai karatun kafin manya su kai ga zage-zage. Haƙurin Dakta bai faɗi ƙasa banza ba. Kunya kuwa ado ce, babu musu. Amma in aka ci mutuncin mai gaskiya a gabanka, kana da shaida ka yi shiru, ba kunya ka yi ba, shaidar zur ka bayar da bakinka a rufe.