Akwatin da Bai Shiga Bagadi Ba

Ƙafafun Sufeto sun kumbura cikin takalmi tun kafin tsohuwar ta shigo caji ofis. Tun safe yake tsaye a rana yana tsaron bikin keɓe sabon babban cocin Katolika, ga shi bikin ya ƙare da sata.

Ko gaisuwa tsohuwar ba ta yi ba. Ta ce ita ce uwar birkilan da suka kulle, kuma ba inda za ta sai da ɗanta.

"Mama, ki bari mu yi bincike."

"Da kuka kama shi bincike kuka yi? Mai babbar riga ya nuna shi da yatsa, kuka kwashe shi kamar shara."

Gaskiya ta faɗa, Sufeto ma ya san haka. Ya ɗauki hularsa. Ta bi shi har mota, ta shige baya ba wanda ya gayyace ta.

Cocin na ta ƙamshin turare da sabon fenti. Rana ta ratso gilasan tagogi masu launi, ta zuba ja da shuɗi a kan bencina. Bagadin dutse, wato teburin ibada, na ƙyalli da man da Bishop ya shafa masa, amma a gindinsa akwai ɗan rami a buɗe.

Fada, limamin cocin, ya yi bayani a gajiye. Akwatin azurfa ne kamar na ashana, da ɗan ƙashin ɗaya daga cikin tsarkaka a ciki. Daga bagadin tsohon coci aka ciro shi don a rufe shi a wannan ramin. An ajiye shi a kan teburi bayan ginshiƙi. Kafin a binne shi, kowa kan durƙusa kai a ƙasa, mawaƙa suna kiran sunayen tsarkaka, jama'a na amsawa. Da aka ɗago, babu akwati. Birkila kuwa shi ne ya durƙusa kusa da teburin, da kwaɓaɓɓen simintinsa, yana jiran ya liƙe ramin.

Shugaban kwamitin gini, mai babbar rigar nan, ya rantse da idonsa ya ga hannun birkila a kan teburin.

"A ina kake zaune, yallaɓai?"

Ya nuna kujerar gaba, da alfahari. Sufeto ya je ya zauna a kai, ya ji daɗin zaman har cikin ƙashinsa. Daga nan ginshiƙin ya tare teburin gaba ɗaya.

"Ta cikin kankare kake gani?"

Shugaban ya gyara riga, ya ce to, idan ba birkila ba, wa zai ɗauka? Tsohuwa ta ja tsaki har ya amsa a rufin cocin.

Bayan teburin ba hanya sai matakalar benen mawaƙa. Tsohon katikis, mai koyar da addini, shi ke riƙe da makullin benen. Ya ce yana sama daga farkon addu'ar har ƙarshenta, ba sunan da bai amsa ba.

Sufeto ya hau benen yana dafa gwiwa. Shugabar mawaƙa na zaune, muryarta ta dushe. Ta ce ita ba ta ga komai ba, bayanta na ga jama'a. Abin da ta sani kawai, ba su taɓa rera kiran tsarkaka da kyau kamar yau ba, ga shi ba a haɗa shi da kiɗa balle ya rufa wa wani asiri.

Wata mawaƙiya da ke ninke riguna ta yi dariya. "Anti, faɗi gaskiya. Don dai Baba Katikis ya yi shiru ne."

Shugabar ta harare ta, amma ba ta musa ba. Ta ce Baba kullum shi ke jan wutsiyar waƙa kamar tsohuwar ƙofa, ta roƙe shi ta gaji. Yau da ba ta ji shi ba har godiya ta yi wa Allah a zuci.

"Shiru ya yi, ko ba ya nan?"

Suka dubi juna. Ba wadda ta tuna ta gan shi.

Sufeto ya nufi tsohon cocin da ke bayan katanga neman katikis. Leburori na kwashe bencina, don za a mai da wurin ɗakin taro. Suna ta ratsawa gaban tsohon bagadin da hulunansu. Fada kansa ya wuce bai rusuna ba, ya ce tun da aka cire akwatin, wannan dutse ne kawai.

Katikis ya shigo da tsintsiya. Da ya zo daidai bagadin sai ya tsaya ya sunkuya. Wani lebura ya ɗora bokitin fenti a kai, katikis ya yi kansa, ya sauke bokitin, ya goge wurin da hannun rigarsa.

"Baba," in ji Sufeto, "wa kake gaisarwa a dutse?"

Ya ce sabo ne.

Sufeto ya durƙusa da ƙyar, ya sa makullin mota ya ɗaga ɗan murfin da ke gindin bagadin. Akwatin na ciki, an naɗe shi da farin hankici.

Katikis ya zauna a ƙasa. Bai yi gardama ba. Ya ce a gaban dutsen nan aka ɗaura masa aure, a nan aka yi wa matarsa addu'ar ƙarshe. Ba wanda ya tambaye shi kafin a ɓalle akwatin a kai shi wancan gidan gilashin, inda ko muryarsa ba a so. Da kowa ya sunkuyar da kai, sai ya sauko ya mayar da shi gida.

"Ba sata na yi niyya ba."

Tsohuwa ta matso har ta tsaya a kansa.

"Kai ka koya wa ɗana addu'a yana ƙarami. Kana tsaye aka fita da shi a gaban Bishop da duk gari, bakinka bai buɗe ba. Ƙashin matacce ka ji tausayi, ba ɗan da ke numfashi ba."

Tsohon ya rufe fuska.

Sufeto ya kira ofis ya ce a buɗe wa birkila. Sannan ya kama hannun katikis ya tashe shi a hankali, ya nufi ƙofa da shi.

"Ina ankwa?" in ji tsohuwa.

"Mama, tsoho ne. Ina zai gudu?"

"Nawa ɗan ma bai gudu ba."

Sufeto ya dube ta, ya dubi Fada. Fada ya kawar da kai. Tsohon da kansa ya miƙo hannuwansa biyu.

Sufeto ya sa masa. Tsohuwa ta wuce gaba ta buɗe musu ƙofa gaba ɗaya, yadda kowa a harabar zai gani.