Muryar Abbu da Minti Biyar

Wallahi ko hannunta Shagufta ba ta ɗauke daga kan laftof ɗin ba, sai fuskar na'urar ta rine ja wur. Magariba ce ta Alhamis, sati uku cif da rasuwar mahaifinta, Abbu, kuma kun san mahaifiyarta, Ammi, da Alhamis. Ta dama shinkafa da madara za a kai masallaci, ta kunna turare, ta bar ƙofa a buɗe, tunda ranar ce rayukan mamata ke leƙo gidajensu. Ita dai so take a sa mata muryar mijinta, karatun da ya naɗa da bakinsa kafin ciwo ya kwantar da shi. Duk faɗin birnin Multan babu inda muryar nan ta rage sai cikin wannan na'ura.

Sai jiniya ta tashi. Bayan jiniya muryar wata mace, sanyi ƙalau, tana maimaita magana ɗaya da Turanci, ba ta ko jan numfashi. Shagufta ta karanta abin da ke rubuce. Wai cuta ta shiga, wai nan da minti biyar komai zai goge in ba a kira lambar da ke ƙasa ba. Ga agogo a gefe yana cin kansa.

Ta nemi wurin rufewa, babu. Ita kaɗai ta san jiya ta saci jiki ta kalli wasan kwaikwayo a wani shafin banza, a gidan da ake zaman makoki.

Ammi ta yaye mayafinta ta lulluɓe laftof ɗin. Muryar ta ci gaba daga ƙarƙashi, a daƙushe, kamar mai magana daga rami.

"Ba shi ba ne," Ammi ta ce a hankali. "Wani abu ne ya biyo shi."

A haka Hafiz Munawwar ya yi sallama, tsohon ladanin unguwa da ke zuwa karɓar kwanon sadaka. Ya tsaya ya saurara. Ya cire takalmi, ya zauna gaban abin kamar yadda yake zama gaban mai iska, ya ɗaga mayafin.

"'Yata, kira lambar. Buɗe murya kowa ya ji."

Ringin ɗaya aka ɗauka. Namiji ne, Turancinsa sumul.

"Wane ne kai?" Hafiz ya tambaya da yaren gida.

Sai muryar ta juye, ta dawo irin ta yaran kasuwa. "Ma'aikaci ne, Baba. Ku ba ni dama in shiga na'urar in cire cutar. Kuɗin aikin, rufi dubu goma sha biyar."

"Wa ya turo ka gidan marayu?"

"Baba, saura minti biyu fa. Kawo dubu takwas."

Ammi ta fara kwance awarwaronta. Hafiz ya ɗaga mata hannu, bai ko waiwaya ba.

"'Yar'uwa, irinsa ya taɓa sauka a na'urar masallaci. Ba ya shiga sai an buɗe masa. Yanzu a bakin ƙofa yake, yana ihu."

"In kuma wannan daban ne?" Shagufta ta ce.

Turaren ya cinye. Ɗakin ya yi duhu, sai jan hasken nan a fuskokinsu.

"Dubu biyar, don Allah. Komai naku zai tafi, na rantse."

Saura daƙiƙa goma a agogon. Tara. Ammi ta rufe fuska da tafukanta. Shagufta na ƙirgawa a zuci, tana cewa ni na jawo, ni na jawo.

Sifili.

Agogon ya ɗan tsaya, sannan ya koma minti biyar, ya fara daga farko, ko kunya babu.

Hafiz ya sa babban yatsa ya danne makunnin, ya riƙe, har jiniyar ta mutu. Da Shagufta ta sake kunnawa, na'urar ta tambaya ko a dawo da shafukan da aka bari a buɗe.

"Ce masa a'a," in ji Hafiz. Ya dube ta ta saman gilashinsa. "Inda kika je jiya kuma, kar ki koma."

Ba ta ɗago ba. Ta lalubo fayil ɗin, ta danna. Sai ga Abbu, da 'yar gyaran muryar nan tasa kafin bisimilla, yana karanta Yasin a tsakar ɗakinsa.

Ashe an manta ba a kashe wayar ba. Tana kan tabarma, ana jin numfashin mutumin, da hayaniyar wasu irinsa a bayansa suna ta ciniki. Sai a aya ta goma ya yi magana.

"Wane ne wannan?"

"Mijina," Ammi ta ce. "Sati uku."



"Allah Ya jiƙansa, Khala," ya ce, wato inna, kamar ɗan gida. Ƙit, ya katse.

Ammi ta ce amin. Hafiz bai ce ba, Shagufta kuma har yau ba ta san ko ya kamata ta ce ba. To ku fa, addu'ar da ta fito daga irin wannan baki, kuna ganin tana isa kabari?