Kwarmin Dutsen Washi

Rana ta yi ƙasa a Kibiya, tumaki sun shigo gida da kansu, hayaƙi yana tashi daga kowace madafa. Muntari wanzami yana tsugune a tsakar gida, gabansa wani tsohon dutsen washi da ya tsinto a kasuwar Rano, cikin tarkacen wani mai kayan gwanjo. Mai kayan ya ce daga wani kango aka tono shi a Madachi. Dutse ne baƙi mai santsi, irin wanda yanzu ba a samu, sai dai tsakiyarsa ta yi kwarmi saboda shekarun da aska ta yi tana bi ta kansa, tsohon maiƙo kuma ya daskare a jikinsa.

Tun la'asar yake goga shi a kan daɓe da yashi da ruwa, don gefunan su cinye su daidaita da tsakiyar. Maiƙon ne ya ƙi fita. Sai ya kira 'yarsa Mufida, ya ce ta ɗauko tafasasshen ruwan da ke kan murhu ta kwarara masa.

Matarsa Sa'adiya ta leƙo daga madafa. "Malam, magariba fa ta kawo jiki. Ka bari sai da safe mana."

"Da safe ina da askin suna a Nariya. Zuba, Mufida."

Yarinyar ta tsaya da tukunya a hannu tana kallon uwarta. Ta buɗe baki za ta yi bisimilla, ya daka mata tsawa.

"Zuba, na ce!"

Ta zuba.

Dutsen ya yi ƙara. Ba irin wadda ruwan zafi kan yi a kan abu mai sanyi ba. Wata 'yar siririyar ƙara ce, kamar ta jinjirin da aka toshe wa baki. Tumakin suka miƙe tsaye gaba ɗaya. Ladan ya fara kiran salla. Muntari ne kusa, shi kaɗai ya ji sosai, kuma bai faɗa wa kowa ba.

Dutsen ya fito tas, ya yi kyau. Amma a Nariya askar da ya wasa a kansa ta ƙi cin gashin jariri, sai da ya aro ta wani cikin kunya. A gida ma wuƙaƙen Sa'adiya duk suka dakushe, ko albasa ba sa yankawa.

Da magaribar ranar aka fara jifa. Tsakuwa ce ke sauka a kan kwano, ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa. Aka zagaya bayan gida, ba kowa. Jifan na tsayawa sai a ji sautin washi daga ɗakin da zabirarsa take rataye, a hankali, gaba da baya, alhali ɗakin a kulle yake.

Sannan abin ya koma kan Mufida. Hannunta na dama ya dunƙule, ya ƙi buɗuwa. Rana na faɗuwa sai ta zauna a tsakar gida tana goga shi a kan daɓe, gaba da baya, har fatar ta saɓule, ba ta kuka, ba ta ƙifta ido. Aka kai ta asibiti, aka auna, aka ce ba a ga komai ba.

Mata suna shigowa dubiya suna ƙus-ƙus. Yaran yanzu ke nan, in ji su, a ce yarinya ta zubar da ruwan zafi da magariba babu bisimilla. Muntari yana zaure yana jin su. Bai tanka ba. Sa'adiya ma ba ta tona shi ba. Takan dai ajiye masa tuwo ta dube shi, kallon da yakan sa ya rufe kwanon bai ci ba.

Ita ce ta aika Rano aka ɗauko Malam Ubaidullahi, dattijon da aka sani da karatu a kan masu irin wannan larura. Ya iso bayan la'asar, ya sa aka shimfiɗa tabarma, aka ajiye dutsen a gaban yarinyar. Ya yi ta karatu da murya ƙasa-ƙasa har inuwa ta cinye tsakar gidan. Can Mufida ta ɗago kai. Muryar da ta fito ta babbar mace ce, dusasshiya, kamar ta wadda ta daɗe tana kuka.

"Ya isa, Malam. Ni ma musulma ce."

"To me ya kawo ki jikin 'yar mutane?"

"A kwarmin dutsen nan nake kwantar da ɗana. Tun mai shi na farko yana raye muke tare, shi ko ruwan sanyi zai zuba sai ya ambaci Allah mun kauce. Wannan hannun ne ya ƙona min yaro. Hannun nake so."

"Ba ta gan shi ba."

"Hannun nake so."

Muntari ya durƙusa a bakin tabarmar.

"Baiwar Allah, hannunta ne, amma bakina ne. Za ta yi bisimilla na katse ta. Uwarta ta hana ni na ƙi ji. Kuma na ji kukan. Wallahi na ji, na yi shiru."

Fuskar yarinyar ta juyo gare shi a hankali.

"Na sani. Ina jin mata suna zaginta, ina jiran ka buɗe baki. To ba ni naka hannun."

Muntari ya miƙa shi. Malam Ubaidullahi ya buge hannun ya koma ƙasa.

"Ba ki da hannun kowa a gidan nan. Ganganci ya yi, ba da gangan ya yi ba, kuma ya amsa laifinsa a gaban iyalinsa. In ke musulma ce, kin san wanda zai yi muku hisabi. Faɗi abin da za a iya."

Ta dubi dutsen.

"A mayar da dutsen inda aka tono shi. Kada ƙarfe ya sake taɓa shi."

"An yarda. Rantse ba za ki dawo ba."

Ta rantse. Malam ya ɗaga hannu zai ci gaba da karatu, sai Muntari ya matso.

"Yaron fa? Yana raye?"

Ta dube shi da idanun 'yarsa, kallo mai tsawo. Sannan Mufida ta yi atishawa, ta sulale jikin uwarta, yatsunta suka buɗe ɗaya bayan ɗaya.

Washegari Muntari ya naɗe dutsen a farin ƙyalle ya kai shi kangon Madachi. Jifa ya tsaya. Wuƙaƙe suka ci gaba da yanka. Ya bi gidajen maƙwabta ya faɗa wa mazan yadda aka yi, don su faɗa wa matansu.

Bayan an kwana biyu yana shafa wa Mufida man kaɗanya a hannu, sai ta ce, "Baba, lokacin da nake kwance na gan su. Tana zaune, ta rungume shi."

Hannunsa ya tsaya. "Yana motsi?"

Yarinyar ta yi tunani sosai, don tana son ta faɗa masa gaskiya.

"Ban sani ba, Baba. Ta lulluɓe shi da zane har kansa."