Dabinon Marainiya

Takna na zaune a inuwa tana saƙar tabarmar ɗakin aurenta, hannu a kan kaba, zuciya kuwa tana can lambun su Algabid, saurayin da za ta aura, a gindin dutsen Timiya. Har ta hango kanta ƙarƙashin itatuwan dabinon nan goma sha biyu da aka ce su ne sadakinta, raƙumi na jan guga, ƙamshin furen lemo na bin iska. Kai, soyayya daɗi!

Sai ga mahaifinta, Sidi, ya faɗo gida ko sallama babu.

"Naɗe tabarmar nan, an fasa!"

"Baba, lafiya?"

"Yau aka raba gadon uban Algabid. Wansa ya riga uban rasuwa, malamai suka ce 'yar da ya bari ba ta da gado. Sai sarkin tausayi ya miƙe gaban jama'a, wai ya bar wa yarinyar rabonsa kaf! Da me zai aure ki? Da rawani?"

Takna ta yi kuka har ta gode Allah. Washegari ta tare Algabid a hanyar rijiya.

"Ko shawara ba ka yi da ni ba!"

"Na tarar da uwar marainiyar na ɗaure kaya za su bar lambun, yarinyar na tambaya ko da dabinon za a tafi. Takna, wallahi ba zai haɗiyu gare ni ba."

"To ni fa?"

"Zan bi ayarin gishiri zuwa Bilma. Ki jira ni, in za ki iya."

Ta ji haushinsa, ta kuma ƙara sonsa. Ayari ya je ya dawo sau biyu tana jira. Manema suka yi ta sintiri, har da wani mai manyan motoci daga Agadas, ita ko kallo ba su ishe ta ba. Kullum la'asar idonta na kan hanyar gabas.

Ran da Algabid ya dawo da taguwa, wato raƙuma, ɗaya tal, Sidi ya ce ko ƙofa kada ya tako. Nan fa kakar Takna, Tahamint, tsohuwar da ba ta cika magana ba, ta kira ɗanta.

"Sidi, ka san abin da ya sa ka tashi kana kiwon raƙuman mutane? Ubana ya riga kakana mutuwa da kwana tara. Baffannina shida, babu wanda ya miƙo mini ko ƙwallon dabino. Shekara sittin ina jiran in ga namijin da zai yi abin da yaron nan ya yi. Na gan shi – kai kuma ka kore shi?"

Sidi ya ja rawaninsa har bisa ido don kada a ga hawayensa.

Da taguwar nan aka ɗaura aure. Takna ta yi haƙuri, ta kuwa dace, domin namijin da ya share hawayen marainiya ba wanda ya tilasta shi, ba zai zuba ido matarsa na kuka ba.