Kwandon Gida

Duk wanda ya san Dogo mai lambu ya san Allah ya ba shi hannun noma. Tumatirinsa ja wur, tattasainsa kamar an shafa masa mai. Amma kayan gwari ba sa jira. Ka tsinka yau, jibi sun fara zubar da ruwa.

Akwai wani kanti a bakin titi mai ƙofar gilashi, inda ma'aikata ke cefane. Sau uku Dogo yana kai kwandonsa. A na ukun mai kantin ya ɗauki tumatir ɗaya ya matsa, ruwa ya tsarto masa a riga a gaban masu sayayya.

"Dogo, ni fa ba miya na ce ka kawo mini ba. Motar kamfani tana kawo mini kaya kai ɗaya, cikin sanyi, su yi mako a kan kanta. Naka kafin la'asar ƙuda sun kira taro."

"Yallaɓai, ɗanɗana ka ji. Na kamfani fa kamar roba..."

"Ido ke saye a nan. Kwashe."

Wata mata ta yi dariya ta rufe baki da mayafi. Ku sani, gidan Dogo ba a taɓa kwana da yunwa ba. Dariyar nan ce ta kai shi wurin boka.

Da rana tsaka ya je. Ɗakin yana bayan wani tsohon ramin bulo, babu taga, ga sanyi kamar cikin rijiya. A jikin bango an jera mangwaro da lemo da tsokar nama ja jawur. Ƙura ta lulluɓe su, gizo-gizo ya yi saƙa a kai, amma ko ɗaya bai lalace ba. Ƙuda ko guda babu. Bokan tsoho ne, yana zaune gaban wata baƙar tukunya.

"Baba, so nake kayana su daina ruɓewa."

"Ruɓa ba ta mutuwa, ɗana, wuri ake canza mata. Ina za mu kai taka?"

"Ko'ina. Bola ma."

"Bola ta ƙoshi. In ka tsinka, yaya kake yi?"

"Warewa nake. Masu kyau a sayar, masu tabo da fasassu a kai gida a yi miya. Kowane manomi haka yake yi."

"To ci gaba, sharaɗin ke nan. Kwandon gida kada ka zubar, kada ka ba dabba, kada ka ba maƙwabci. A dafa a gidanka, a ci."

"Ba abin da zai same su dai ko?"

"Tambayata kake, ko so kake in ce a'a?"

Dogo ya sunkuyar da kai, bai sake tambaya ba. Tsohon ya karɓi wuƙar lambunsa ya tsaga masa babban yatsa, ya ɗiga jinin cikin tumatir, ya ɗinke da baƙin zare ya jefa a tukunya. Wani abu a ciki ya haɗiye, Dogo ya ji ƙarar da kunnensa. Aka ba shi ruwa a kwalba ya zuba a rijiyar lambu.

Tumatirin Dogo ya koma yin sati uku a kan kanta yana ƙyalli. Mai kantin da ya kore shi ya fara tarbarsa tun daga ƙofa: "Babban manomi, a kawo maka kujera?" Kanti ɗaya ya zama uku. Ya sayi mota, ya sake rufin gida. Manoma 'yan'uwansa suka zo roƙon iri, ya ce daga waje aka aiko masa.

Inna, mahaifiyarsa, ita ta fara cewa miya tana mata ɗaci. Sai wani tabo ya fito mata a ƙafa, baƙi, mai laushi, in an taɓa ya lotsa. Asibiti suka yi gwaji ba su ga komai ba. Dogo kuwa kallo ɗaya ya yi wa tabon ya gane shi, don shekara ashirin yana ganin irinsa a lambu. Abin da ya yi shi ne ya daina cin abinci a gida. "Na ci a gari," yake cewa. Kwando kuma bai fasa zuwa ba.

Bayan rasuwar Inna ya juye kwandon a kwata sau ɗaya. Washegari waya ta dame shi, kaya sun narke a kantuna ukun. Da yamma ya shigo gida ɗauke da kwando, bai yarda sun haɗa ido da kowa ba.

Ranar da tabo ya fito a wuyan Auta, 'yarsu mai shekara shida, matarsa ta ajiye ludayi ta dube shi.

"Baban Auta, wata nawa rabonka da miyata?"

Ya kawar da kai ya dubi kwandon.

"Ka sani ke nan," ta ce a hankali. "Ka sani, kana kallo ina zuba mata."

Auta ba ta kai ƙarshen wata ba. Uwar ta zauna a tsakar gida tana ware duwatsu kashi biyu, tana yi musu magana, har yayyenta suka zo suka tafi da ita.

Bakinsa kaɗai ya rage a gidan. Dogo ya hura wuta da kansa, ya dafa kayan kwandon, ya zuba a kwano ya zauna. Ya ɗebo cokali ɗaya, ya kai daf da baki. Hannun da bai taɓa gazawa ba wajen miƙa wa uwarsa da 'yarsa kwando, ranar ya kasa. Miyar ta huce a gabansa.

Kafin kwana uku kantuna sun watso masa kayansa a titi, lambun ya zama kwatami. Shi kuwa yana nan da ransa, lafiyarsa ƙalau, ko ciwon kai ba ya yi. In ya hango wanda ya sani sai ya sake hanya.

Kai mai gaggawar arziki, in aka ce za a ɗauke maka asara, tsaya ka tambayi kan wa za a sauke ta. In kuwa ka ji tsoron amsar, to ka riga ka san ta. Tashi ka koma gonarka.