Saurayin da Ya Zo da Makirfo

Faridatu tana kankare ƙwarya a ɗakin sana'ar hannu na jami'a, sai ta ji motsi a bayanta. Tana waigawa ta ga wani dogon saurayi ya miƙo makirfo daf da hannunta.

"Chale, ɗan'uwa, lafiya?"

"Don Allah ci gaba," in ji shi. "Ƙarar wuƙar nan nake so."

Sunansa Masahudu, ɗan unguwar Oforikrom, yana karantar haɗa kiɗa. Malamai ne suka haɗa azuzuwan biyu aiki ɗaya: ajinta ya ƙera kayan kiɗa, nasa ya naɗi sautinsu.

Tun ranar tambayoyi suka ƙi ƙarewa. Ita tana son sanin yadda murya ke zama zane a kwamfuta, shi kuma yana tambayar abin da ya sa fatar akuya ta fi ta tunkiya amo. Ta koya masa ɗaure ganga har yatsunsa suka yi kanta. Wata rana a trotro, motar haya, kan hanyarta ta komawa gida Asawase, saƙonsa ya shigo: "Farida tawa, na gwada kiɗa kala-kala yau, babu wanda ya kai dariyarki."

Ta amsa: "Ka cika surutu paa." Amma murmushi take yi har gida.

Mahaifinta, Malam Jibirin, mai makarantar Islamiyya ne. Da ta faɗa masa Masahudu na son aurenta, littafinsa kawai ya rufe.

"Makaɗi? A gidan nan?"

"Baba, ba kiɗa kaɗai ba ne. Sauti yake gyarawa."

"Sauti kuma ana gyara shi?"

Ta lura tambayar ta gaskiya ce, ba faɗa ba. Sai ta tuna da tsohon kaset ɗin karatun Alƙur'ani na marigayi kakanta, wanda Baba ke ajiye da shi ko da yake shuuu kawai yake yi. Ta roƙi aronsa. Ya daɗe yana juya shi a hannu kafin ya ba ta.

"In ya lalace, kada in ƙara jin sunan yaron nan."

Ta kai wa Masahudu kaset ɗin, ya sha fama wajen gyara sautinsa. Ranar Juma'a bayan sallah ya zo, ya durƙusa ya gaida Malam, ya kunna wayarsa. Muryar dattijon ta cika zauren tar, har da ɗan tarin da yakan yi tsakanin ayoyi.

Malam Jibirin ya sunkuyar da kai, hawaye na jiƙa gemunsa. Can ya ce, "Yaro, matso ka nuna mini yadda ka yi."

Bayan sun kammala karatu aka ɗaura aure. Malam ya kama hannun ango ya ce, "Na ba ka amana mai rauni, kaset ɗin nan, ga shi ka dawo da ita lafiya. Ga wadda ta fi ta, 'yata. Allah Ya yi muku albarka, Ya ba ku zaman lafiya da zuriya ta gari."

Daga cikin ɗaki, a ƙarƙashin mayafi, Faridatu ta amsa a hankali, "Amin, Baba."