Gero a Akwatin Allura

Ƙarfe goma na safiyar Litinin jirgin nan marar matuƙi mai kawo magani ya ratso ta saman Rawayau, ya sako jan akwatinsa da 'yar lema a filin bayan ɗakin shan magani, ya juya Dutsin-Ma. Lado maigadi ya ɗauko kamar kullum, ya miƙa wa Malama Sakinatu mai jinya. Ta yanke hatimi ta buɗe. Maimakon kwalabe shida na allurar saran maciji, sai ga gero ƙunshe a leda tsakanin ƙanƙara.

Ga shi akwai manomi kwance, kububuwa ta sare shi. A babur aka kai shi Kurfi, da ƙyar ya sha.

Kafin azahar manajan kamfanin jirgin, Mista Francis, ya yanke hukuncinsa ta waya. Gero dai a ƙauye yake, saboda haka ɓarawon ɗan ƙauye ne, kuma jirgi ya daina zuwa Rawayau sai an kama shi. A tsakiyar damina ke nan, lokacin da macizai suka fi yawa a gonaki.

Sufeto Mardiya aka turo daga Kurfi. Haifaffiyar ƙauyen Ɗantutture ce, kuma babu abin da ke ɓata mata rai kamar mutumin ofis ya ce "mutanen ƙauye" yana yatsina. Duk da haka ba ta ɗaga wa kowa ƙafa ba. Ta fara da Sakinatu.

"Malama, wa ya ga kin buɗe?"

"'Yan uwan maras lafiya su huɗu, ranki ya daɗe. A gabansu na yanke hatimin."

Ta tambaye su ɗaya bayan ɗaya, bakinsu ya zo ɗaya. Saura Lado. Daga filin zuwa ƙofa akwai kwanar katanga, inda ba mai ganinsa.

"Baba, minti nawa ka yi a bayan katanga?"

"Ni ban san minti ba, ɗiyata. Gudu dai na yi, ga tsufa."

"Kana da gero a gida?"

"Wa bai da shi? Miƙo na akwatin in gani."

Ya zuba a tafin hannu, ya murza, ya kai hanci. Nan take ya ɗauke kai.

"Wanga ba namu ba ne. Sunsuna ki ji, warin maganin ƙwarin da ake sa wa buhu. Mu a zangarniya muke aje gero cikin rumbu, sai za a ci mata su sussuka, ba ka raba shi da ƙaiƙayi. Wanga inji ya casa shi. Geron kasuwa ne."

Mardiya ta sunsuna, warin ya daki hancinta. Ta shiga ciki ta ɗora ƙunshin a sikelin awon jarirai. Sannan ta sa Sakinatu ta nemo takardar wancan zuwan, inda aka rubuta nauyin kwalabe shida. Babu bambancin ko giram goma.

Da la'asar tana tashar jiragen a Dutsin-Ma. Mutum uku ke taɓa kaya a wurin: manaja, da Kezia mai tayar da jirgi, da Misbahu mai shirya akwati.

"Kezia, a buɗe akwati ke zuwa hannunki?"

"A rufe, da hatimi. Ni dai in nauyi bai yi daidai da takarda ba, na'ura ba za ta bar jirgi ya tashi ba."

"Mista Francis, ina kake da safe?"

"Katsina, wajen taro. Sha biyu na dawo. Amma Hajiya, ai maganar a fili take."

"A fili take. Sikelinku yana ajiye abin da ya auna?"

Yana ajiyewa. Kezia ta buɗo a kwamfuta. Kowane akwati sau ɗaya aka auna shi, sai na Rawayau sau bakwai cikin minti uku, nauyin yana ƙaruwa kaɗan-kaɗan. Mardiya ta ɗaga farantin sikelin, ga ƙwayoyin gero sun maƙale a ƙarƙashi.

Ta juya wajen Misbahu.

"Malam Misbahu, wanda ya saci magani a ƙauye ba ruwansa da awo, jirgi ya riga ya tafi. Mai tsoron sikeli ne kaɗai zai tsaya yana ƙara gero da hannu har ya cika. Ka zaɓi gero don a ce manomi ne, sai ka sayo na kasuwa, don ba ka taɓa leƙa rumbu ba. Ina kwalaben?"

Bai yi gardama ba. Suna cikin firjin wani mai kemis a bayan tasha, an riga an yi amfani da ɗaya, biyar ba a taɓa ba.

Ranar Laraba Mista Francis ya zo Rawayau da kansa. A gaban mai unguwa da jama'a ya cire hula ya ba Lado haƙuri, Hausarsa na karyewa. Mardiya na gefe ta harɗe hannu, daɗi ya cika ta har ba ta iya ɓoyewa.

Can sai ga ƙugin jirgi daga kudu. Akwati ya sauko, Lado ya ɗauko. Wannan karon bai nufi ƙofa ba. Ya dire shi a gaban manaja, ya ja da baya.

"Buɗe da hannunka, Yallaɓai, kowa shi gani. Daga yau mu ma sai mun bincika abin da kuka aiko."

Mista Francis ya durƙusa a ƙasa ya buɗe.